Shekara tara ina ce wa mutane "a yi haƙuri"

Shekara tara kenan ina cikin masu sasanta rigima a layinmu na Kantin Kwari, kuma wallahi da gani nake na ƙware. A kawo mana mutum biyu, mu zaunar da su a shago, wani ya jawo aya, wassulhu khairun, a ce ƙarami ya ba babba haƙuri, a gaisa a shafa fatiha kowa ya kama gabansa. Bayan sati biyu sai ka ji an kai maganar caji ofis, mu kuma mu ce ai su ne masu taurin kai.

Watan jiya aka tura ni wani kwas na kwana biyar kan sulhu da sasanci, na tafi ina ƙunƙuni don lokacin ciniki ne. A raina cewa nake me za a koya wa Bakano a harkar sulhu, garin da tun fil azal mai unguwa da dagaci ke kashe wutar rigima a zaure, ga Hisba tun 2003 tana fama da ma'aurata, ga Zauren Sulhu na zamanin Malam Shekarau.

Ranar farko aka kwance min zani a kasuwa. Aka haɗa mu uku uku, biyu su yi kamar suna rigimar bashi, ni ne mai shiga tsakani. Ban yi minti huɗu ba na yanke hukunci. Malamar, wata lauya ce mai sanyin murya, ta ce Alhaji kai alƙali aka naɗa ka? Kowa ya fashe da dariya. Ta ce mai sulhu ba ya cewa wane ne mai gaskiya, aikinsa ya sa su biyun su nemo mafita da bakinsu. Sai ta sa ni in maimaita abin da kowannensu ya faɗa har sai ya ce eh haka nake nufi. Kun san na kasa? Ashe duk lokacin da suke magana ni amsa nake shiryawa a kaina.

An yi mana bayanin doka ma, cewa a 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar sasanci ta ƙasa wadda ta maye gurbin ta 1988, kuma nan Kano tun 2009 akwai kotun sulhu ta Multi-Door, inda in an rubuta yarjejeniya alƙali ya sa mata hannu ta zama kamar hukunci. Wannan ban daɗe a kai ba, na lauyoyi ne.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne da ta tambaye mu, wannan haƙurin da kuke bayarwa, wa yake yawan faɗa wa? Muka yi tsit. Yaron shago ne mana, da mai ƙaramin jari, da wanda ba shi da kowa. Shi ake danne wa, ya haɗiye, mu kira shi sulhu. Alhali ko a wasiƙar Sayyidina Umar ga Abu Musa al-Ash'ari an ce sulhu ya halatta ban da wanda zai halatta haram ko ya haramta halal, kuma cin haƙƙin yaro ai ba halal ba ne.

Da na dawo ba a yi kwana goma ba aka kawo mana wani ubangida da yaronsa da ya yi masa shekara bakwai. Alhajin na cewa shadda ta ɓata a sito, yaron na cewa a sallame shi a ba shi jarinsa. Da a da ne na san yadda za ta ƙare. Wannan karon sai na raba su, na ga kowa shi kaɗai, na yi alkawarin abin da ya faɗa min ba zai fita ba sai da yardarsa. Yaron ya yi shiru ya fi minti biyu yana murza hularsa, ni ma na kame bakina duk da yana min ƙaiƙayi, can ya ce, Baba ni ba kuɗin ne ya dame ni ba, ɓarawo ya kira ni a gaban mutane kuma maganar ta kai gidan da nake neman aure. Shi kuma Alhajin da na ce ranka ya daɗe me kake tsoro in ya tafi, sai ga ta nan, kwastomominsa na Nijar duk lambar yaron suke da ita.

Zama uku muka yi. Alhaji ya yarda ya wanke shi a gaban 'yan layi, yaron ya yarda ba zai taɓa waɗancan kwastomomin ba har shekara ɗaya, jari kuma kashi biyu, rabi yanzu rabi bayan Babbar Sallah. Muka rubuta, kowa ya sa hannu da shaidu biyu. Maganar shaddar ma babu wanda ya sake tada ta, ni ma ban tambaya ba. Kashi na biyun dai nake jira in gani.