Furen tumfafiya a baƙi da fari

Duk mai ɗaukar hoton fure da waya ya san launi ne ke yi masa rabin aiki. Da na fara cire launin, sai furannin da ake ji da su suka ba ni kunya. Jan fure cikin koren ganye, in ka mayar da shi baƙi da fari, duka biyun toka-toka suke komawa, har ka rasa inda fure ya ƙare ganye ya soma. Maganinsa shi ne ka ɗauka da launinsa, sannan wajen gyara ka ƙara wa ja haske, ka danne kore. Masu kyamarar fim a da jan gilashi suke ɗaura wa idon kyamara saboda wannan.

Tumfafiya ce ta fi kama ni, wannan dai da ke fitowa a bakin hanya da kan juji, ba mai waiwayarta. Ka matso da waya dab da furenta: kunnuwa biyar masu kauri, a tsakiya wani ɗan kambi mai kusurwa biyar, tsaf kamar zanen magini a ƙofar zaure. Shunin bakin kunnuwan sai ya koma duhu, farin cikinsa ya fito fes. A kiyayi ruwanta dai, wannan farin mai danƙo, kada a shafa ido bayan an taɓa.

Ashe wani Bajamushe, Karl Blossfeldt, ya daɗe da yin gaba a irin wannan ɗaukar hoto. Malami ne a Balin, ya haɗa kyamararsa da hannunsa, yana ƙara girman tsiro a hoto har ninki 30 don ɗalibansa su ga zanen da ke jikinsa. Sai a 1928, yana da shekara 63, duniya ta san hotunan. Yawancinsu ciyayin bakin hanya ne.

Haske shi ne komai a nan. Rana tsaka ba ta yi min, tana ƙone farin fure ya zama fili kawai. Hantsi nake so, hasken ya zo daga gefe, jijiyoyin kunnen fure su tashi, gashin jikin kara ya fito ɗaya-ɗaya. Hazon hunturu ma yana taimakawa, ko da yake iskarsa ba ta barin fure ya tsaya wuri guda. A bayan furen nakan sa yaro ya riƙe baƙin mayafi, ɗan nesa kaɗan don kada saƙar ta bayyana, kuma nakan rage hasken wayar kafin in danna.

Furen kuɓewa, mai baƙin ido a tsakiya, yana fitowa da kyau, amma sai ka yi sammako, don kafin la'asar ya naɗe. Na kuka ya fi wahala: da magariba yake buɗewa yana rataye ƙasa, jemagu na zagaye shi, washegari ya fara yamutsewa. Shi kam sai da tocila, da abokin da zai haska maka daga gefe yayin da kake tsaye kan kujera.