Tarihin Rayuwata (17): Ba a fafe gora ranar tafiya

Makon jiya na tsaya a inda Yaya ya ba ni aron tsohuwar kwamfutarsa. Ku riƙe kalmar aro, za ta dawo.

A lokacin gani nake na iya. Na rubuta shafin intanet da yaren HTML, na yi masa kwalliya da yaren CSS, sunana ya fito da jan rubutu a burauza, har na kira Inna ta zo ta gani. Ta sa mini albarka ba tare da ta san me take kallo ba. Da wannan ɗan sanin na yi wa wani abokina alkawarin manhajar waya cikin mako biyu. Ko Android Studio, manhajar da ake haɗa manhajojin Android da ita, ban saukar ba. Da Kawu, Allah ya jiƙansa, ya ji, bai tambayi mece ce manhaja ba. Cewa kawai ya yi: "Ɗana, ba a fafe gora ranar tafiya." Na ji haushi. Mutumin da ko saƙon waya ba ya iya turawa!

Shekarar 2017 ce, shekarar da Google ya karɓi Kotlin a matsayin yaren rubuta manhajar Android, amma duk darussan da nake da su na Java ne, don haka Java na bi. Na girka JDK, wato kayan aikin rubuta Java, na buɗe baƙin allon nan na umarni, na rubuta java, kwamfuta ta ce ba ta san wannan umarni ba. Kwana biyu ina cirewa ina sake girkawa. Ashe girkawa daban, nuna wa kwamfuta inda abin yake daban. Sai ka sa adireshin a PATH, jerin wuraren da kwamfuta ke neman umarni. Shi kuma JAVA_HOME, saitin da ke nuna inda Java yake, babban kundin JDK yake so, ni kuwa na kai shi har cikin ƙaramin kundin da ake kira bin. Na gyara, har ila yau shiru, domin ban rufe allon na sake buɗewa ba, tsohon saiti yake karantawa. Wannan kaɗai ya ci mini dare guda.

Sai wayar gwaji ta cikin kwamfuta. Kwamfutar Yaya RAM ɗinta 4GB ne. In na kunna wayar, sai fankar ta hau kuka, linzami ya daskare. Na haƙura na koma wayata ta hannu. Nan na koyi cewa sai ka taɓa lambar ginin wayar sau 7 kafin saitin masu haɗa manhaja ya bayyana. Na taɓa, na kunna izinin USB, na rubuta adb devices don ganin wayoyin da ke haɗe da kwamfutar, jerin ya fito fayau, ba komai. Kwana uku ina zargin waya, ina zargin kwamfuta. Kebur ne. Na caji ne zalla, babu wayoyin ɗaukar bayanai a cikinsa. Har gobe idan ɗalibi ya ce mini wayarsa ba ta fitowa, kebur nake fara tambaya, kuma sai na ji muryar Kawu da gorarsa.

Bara wani yaro ya zo mini yana ƙorafin Flutter, wani kayan haɗa manhajar waya, ya wahalar da shi. Na ce ya rubuta flutter doctor, abin ya jero masa duk abin da ya rage, har da alama a gefe. Ni ban samu wannan gatan ba, Flutter 1.0 sai Disambar 2018 ya fito. Ban ce zamaninmu ya fi ba, amma na ɗan yi masa dariya.

Mako biyu ya zama wata uku. Abokina ya daina tambaya. Yaya ne bai daina ba: "Kai kullum girke-girke, yaushe za a ga aikin?" Ranar da manhajar ta buɗe a wayata, maɓalli ɗaya ne da rubutu layi biyu, ban nuna masa ba. Kawu na nuna wa. Ya danna maɓallin da ɗan yatsansa a hankali kamar zai ƙone shi.

Bayan haka na yi wata biyar ina gini a kai. Git mai adana tarihin aikinka yana nan tun 2005, GitHub inda ake ajiye kwafinsa a intanet tun 2008, na sha ganin sunansu a darussa ina tsallakewa, wai sai na ƙware. Wata safiya Yaya ya ce yana buƙatar kwamfutarsa na kwana biyu. Ta dawo da sabon Windows, tas, har yana murna ya gyara mini nauyinta. Na duba kundin aikina, babu. Ban ajiye kwafi ko'ina ba. Kawu bai ce komai ba ranar, ni na faɗa wa kaina maganar gorar.

Laifina ne, na sani. Amma tambaya ɗaya ce, Yaya: akwai abinka a ciki? Ba ka yi ta ba. Kuma na san kana karanta wannan.