Kabewar da Ta Ƙi Ɗaurewa a Tsakar Gidana

Tsakar gidanmu a Kano siminti ne daga bango zuwa bango, sai wani ɗan tsiri na ƙasa a bayan madafa. Nan na shuka kabewa da damina. Ta yi yaɗo har kan katanga, fure kuwa ba a magana, amma duk ɗan da ta ɗora sai ya yi rawaya ya faɗi. Na zuba taki, na ƙara ruwa, shiru.

Wani dattijo mai kawo mana kayan miya daga Kura ne ya leƙa, ya ɗaga ganye ya ce, "'Yata, gidan nan ana fesa magani ko?" Na ce, "Ƙwarai, Baba, saboda sauro." Ya nuna mini fure iri biyu: namiji mai siririn ƙafa, da mace mai ɗan ƙulli a gindi. Idan ƙudan zuma bai kwaso garin namijin ya kai wa macen ba, ƙullin nan ba zai zama kabewa ba. Furen kuma da asuba yake buɗewa, kafin azahar ya rufe. Ni kuwa kowace magariba piya-piya nake yayyafawa har kan ganyen.

Gero da dawa da masara iska ce ke yi musu wannan aiki, shi ya sa ba ma lura. Amma Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce kusan kashi 75 cikin 100 na nau'o'in amfanin gona suna dogara da ƙwari da makamantansu ko da kaɗan ne.

Na daina fesawa a waje, muka koma gidan sauro. Sai na yi kuskure na biyu: na kashe kuɗi wajen masu sayar da furanni a bakin titi, na kwaso masu kyan gani, ƙwari ko kallonsu ba su yi ba. Abin da ya kira su yana cikin kayan miyata. Zogale ya yi fure, ƙudan zuma suka cika shi. Ɗoɗɗoyar da na bari ta tsufa a tsohon bokiti ta fi kowa baƙi. Kuɓewa da yakuwa su ma suka samu nasu.

Malam-buɗe-littafi ya fi wuyar sha'ani, domin fure kaɗai ba ya zaunar da shi, sai da ganyen da zai saka ƙwai. Na ga wani abu kamar kashin tsuntsu a ganyen lemun tsamina, har na kai hannu zan goge, sai ya motsa. Tsutsa ce. Ta cinye ganye da dama, ta koma koriya, ta maƙale a reshe, daga baya wani babba baƙi mai ɗigon rawaya ya fito. Da a bara ne da tuni na murƙushe ta. Tafasar da ta fito da kanta ma na bar ta, farare da masu ruwan ɗorawa suna zarya a kanta.

Rigima a kan tumfafiya aka yi. Surukata ta ce, "Ke yanzu itacen kufai za ki raina mana a gida?" Na ce, "Hajiya, tsutsar malam-buɗe-littafi mai ruwan goron nan ganyenta take ci, dafin ne ma ke hana tsuntsaye taɓa shi." Ta ce ruwan tumfafiya yana lahanta ido, ga jikoki. A nan ta fi ni gaskiya. Na cire ta cikin gida, na bar wadda ke bayan katanga, inda yara ba sa zuwa.

Da hunturu ya shigo, komai ya bushe, na ajiye kasko da tsakuwa a ciki, ruwa ɗan kaɗan yadda ƙudan zai samu wurin tsayawa bai nutse ba. Kowane kwana biyu nake zubarwa in sake, kada in koma kiwon sauro. Harbi sau ɗaya aka yi, autana ne ya taka ɗaya ba takalmi.

Daminar bana kabewa huɗu ta ɗaure. Baba mai kayan miya na ba babbar, ya ce shi ma taushe za a yi masa.