Kwana goma a ƙafa cikin Gulbin Maraɗi

Ina shekara ta uku a karatun aikin gona aka tura mu ƙidayar itatuwa a Gulbin Maraɗi. Daga wajen Madarunfa muka faro, muna bin kwarin a ƙafa. Watan Afrilu ne, gulbi ya zama yashi zalla, sai ka yi tono kafin ka ga danshi. Da wuya mutum ya yarda cewa wannan gulbin ne ya cinye tsohon garin Maraɗi a ambaliyar 1945, har mutane suka hau tudu. Daga ƙasar Katsina yake tasowa, kuma tun da aka gina madatsar ruwa ta Jibiya, manoman fadama ke kukan ruwansa ya ragu.

Kwana biyu na farko sauri nake yi. In ga itace, in rubuta sunansa na Latin a kaye, in wuce. Wani dattijo da muka ɗauka ɗan rakiya ya zuba mini ido, ran na uku ya ce, "Ɗana, ka tsallake itace bakwai tun daga waccan kanya."

Na ce, "Baba, ai kututture ne."

Ya durƙusa ya share yashi da hannu. Kututturen kalgo ne, baƙi ƙirin, wuta ta taɓa cinsa. Amma a gindinsa ga tsiro biyar, ganyensu a rabe biyu kamar sawun raƙumi. Ya ce saiwar na nan da ranta a ƙasa, ta girme ni. Ya zaɓi tsiro biyu masu ƙarfi ya bari, ya datse sauran da wuƙa. Wannan shi ne sassaben zamani, dabarar da Tony Rinaudo, wani masanin aikin gona ɗan ƙasar Ostireliya, ya fara yaɗawa tare da manoman jihar Maraɗi a 1983. Na karanta ta a aji, na ci jarrabawa a kanta, amma ranar na fara ganin ta da idona.

Daga nan na rage tafiya. Na koyi juya ganyen sabara in ga ɗigo-ɗigon baƙi a bayansa. Na zauna ƙarƙashin gawo, wanda ke zubar da ganye da damina ya bar gero ya sha rana, ya yi kore shar da rani, awaki na tsintar ƴaƴansa a ƙasa. Har yau ban ga itacen da ya kai shi sanin bukatar manomi ba.

Dabbobi kuwa sawunsu muka fi gani. Da asuba yashi na ɗauke da labarin dare: layin jelar damo, ƙananan sawun bushiya, inda kurege ya tone gindin aduwa. Baba ya ce a da akwai gada, dabbar daji, a nan, shi ya gan ta yana yaro. Bai ƙara komai ba, ni ma ban tambaya ba, amma maganar ta zauna mini a rai.

Na koma na sake ƙidayar kwana biyun farko daga tushe, kowane kututture mai tsiro na sa shi a lissafi. Ranar da muka gama, shamuwa uku suka sauka kan wata tsamiya a bakin ƙauye. Baba ya ɗaga kai ya dube su, ya ce bari ya je ya gyara iri.