Matakin gaba: inda ƙafa ke hutawa a doguwar tafiya

Shagona na walda yana Zango, a nan Damagaram. Ƙofofi da tagogi su ne cin abincinmu, ni da yara uku, amma akwai wani ɗan aiki da ya shigo mana ta bayan gida har ya zama ana nemanmu da shi: sa wa moto, wato babur, matakin ƙafa na gaba.

Wani dattijo mai fataucin fatu ne ya fara kawo shi. Daga Tanut yake zuwa kasuwar Dole ran Alhamis, a kan motonsa ƙirar Kasea. Ya sauka da ƙyar, ya dafa kafaɗar yarona, ya ce da ni: "Ɗana, gwiwoyin nan ba nawa ba ne yau. Ka yi mini wurin da zan miƙe ƙafa." Na ce, "To Baba, zauna a kan moton mu gani."

Duk wanda ya yi hanyar Maraɗi, kilomita wajen 240, ya san abin da yake nufi. Matakin da kamfani ya sa yana ƙarƙashin mai tuƙi ne, gwiwa a lanƙwashe awa da awanni. Jini ya ƙi gudu, cinya ta yi tsami, ƙafa ta mutu. Shi ya sa za ka ga mutane sun saki ƙafafu suna reto, ko sun ɗora su kan ƙarfen kare inji, takalmi na zamewa.

Na farkon da na yi, ba zan ɓoye ba, aikin banza ne. Rodi na yanko na liƙa masa a shasi da wuta, a miƙe sambal, ga tsawo. Sati biyu ya dawo da hannu a ɗaure: ya kwanta kwana cikin rairayi, rodin ya caki ƙasa, moton ya watsar da shi. Bai yi mini faɗa ba, wannan ya fi yi mini ciwo. Na cire, na sake masa kyauta.

Tun ranar ban ƙara kai wuta jikin shasi ba. Zafin walda yana raunana ƙarfen wurin, in kuma ba ka cire wayar batir ba kana iya ƙone kayan wutar moton. Yanzu maƙali muke yi na ƙarfe mai kauri, ya rungumi ƙarfen kare inji, a ɗaure da bulon biyu, a sa noti biyu a kowane ɗaya saboda girgizar hanya tana kwance noti ɗaya kamar da hannu. Matakin kansa mai naɗewa ne, irin na fasinja. In ya taɓa ƙasa sai ya koma sama maimakon ya kafe. Mu sa masa roba, don tafin takalmi mai ƙura ba ya riƙe ƙarfe tsirara.

Awo shi ne aikin, sauran duk yaro ma zai yi. Ba na yarda a aiko mini moto ba mai shi. Sai ya hau, ya kama kan moton, ya miƙa ƙafa, ni ina tsugune da alli. Ba a son ƙafa ta miƙe gaba ɗaya. A bar gwiwa da ɗan lanƙwasa, in ba haka ba duk ramin da aka faɗa a ƙugu zai sauka. Sai in juya kan moton hagu da dama har ƙarshe, in danna gaban da ƙarfi, in tabbata taya ba ta kai wa yatsu. A gefen salansa kuma in bar tazara, don bututun da ke fitowa daga inji yana cin takalmin roba, balle bakin wando ko babbar riga.

Akwai maganar da nake yi wa kowa kafin ya biya, wasu har su gaji da ni. Birkin baya yana ƙarƙashin ƙafar dama, giya tana hagu, kuma ba su bi ka gaba ba. Mai gudun kilomita 60 a awa yana cin mita kusan 17 kowace daƙiƙa. Kafin ƙafa ta dawo ta sami birki, akuyar da ta tsallako a Mirya ta riga ta shiga tsakanin tayoyi. Don haka matakin gaba na kwalta ne mai fili, inda ido ke ganin nesa. An shigo gari, ko an sauka rairayi inda sai ka danne matakin asali ka ɗan ɗaga jiki, ƙafa ta koma gidanta.

'Yan kabu-kabun cikin gari kan zo su ce a sa musu don ado. Ina gaya musu su riƙe kuɗinsu; wanda ke taka birki kowane taku goma ba shi da abin yi da shi. Wasu su ji, wasu su tafi wani shagon.

Dattijon nan yana nan yana zuwa. Alhamis ɗin da ta wuce ya tsaya a ɗaure masa noti, ya ajiye wa yara ƙullin cuku, ya ce akwai maƙwabcinsa mai dogayen ƙafafu da zai turo, in tanadi alli.