Zuwa Memphis, inda aka ɗauki waƙar Otis Redding ta ƙarshe

Daga titin Beale da ke tsakiyar birnin Memphis na Amurka na hau tasi muka yi kudu. Ba mu fi minti goma ba muka tsaya a gida mai lamba 926 a kan titin McLemore, inda kamfanin waƙoƙi na Stax yake a da. Ainihin ginin an rushe shi a 1989. Wanda ke tsaye yanzu gidan tarihi ne da aka buɗe a 2003 a kan filin, aka kwaikwayi fuskar tsohon ginin har da allon fitilun ƙofa.

Abin da ya kawo ni waƙa ɗaya ce, “(Sittin' On) The Dock of the Bay”, ta mutumin da ke zaune a bakin teku yana kallon jiragen ruwa suna shiga suna fita. Sai dai Memphis ba ta da teku, kogin Misisipi kawai gare ta. Otis ya fara rubuta baitocin ne a 1967 cikin wani gida na kan ruwa a Sausalito, jihar Kalifoniya, ya kawo su nan suka ƙarasa da makaɗin jita Steve Cropper.

Na fi daɗewa a ɗakin ɗaukar sauti da aka sake ginawa. Da ka taka za ka ji ƙasan yana gangarawa, domin asalin wurin gidan silima ne. An cire kujeru, aka bar gangaren saboda babu kuɗin gyara shi, kuma wannan rashin daidaiton ya taimaka wajen ba kiɗan Stax amon da aka san shi da shi. Injiniya yana zama a kan dandamalin da allon majigi yake a da, makaɗa kuma duk suna ɗaki guda suna bugawa tare. Idan mutum ɗaya ya yi kuskure, sai a koma farko. A nan aka ɗauki waƙar ranar 22 ga Nuwamba 1967, Al Jackson a kan ganguna, Duck Dunn a kan jita mai babbar murya, Booker T. Jones a kan fiyano. A farkon Disamba aka yi mata ƙari.

Ba kowa ya so ta ba. An saba jin Otis yana kwarara murya, ga shi nan yana rerawa a hankali, ya rufe da fito. Jim Stewart, mai kamfanin, yana ganin ta kauce wa salon gidan. A ganina wannan sassaucin shi ne ƙarfinta.

Ranar 10 ga Disamba jirgin saman Otis ya faɗa tafkin Monona kusa da birnin Madison na jihar Wisconsin, ya rasu yana da shekara 26, tare da matasa huɗu na ƙungiyar Bar-Kays da ke masa kiɗa. Cropper ne ya koma ya haɗa sautin cikin makoki, ya sa kukan tsuntsayen teku da ƙarar igiyar ruwa a ƙarƙashin kiɗan. Faifan ya fito ranar 8 ga Janairu 1968, a watan Maris ya hau matsayi na ɗaya a jadawalin waƙoƙin da suka fi tashe na mujallar Billboard, ya yi mako huɗu a can. Shi ne faifai na farko da ya kai wannan matsayi a Amurka bayan mutuwar mai shi, kuma ya ci kyautar Grammy biyu.

Daga nan na wuce masaukin Lorraine, inda makaɗan Stax, baƙaƙe da farare, kan taru a da su ci abinci su rubuta waƙa. A barandarsa aka harbe Martin Luther King ranar 4 ga Afrilu 1968, a lokacin da waƙar ke tashe a gidajen rediyo.