Abin da ƙararrawar waya ta koya mini game da masu hawan jinin ido

Lokacin da aka mayar da ni sashen ido, aikin da ya faɗo a kaina shi ne zama da masu hawan jinin ido bayan sun fito daga wurin likita, in nuna musu yadda ake ɗiga magani, in kuma tabbatar sun gane cewa maganin na tsawon rayuwa ne. Sunan da muke kiran cutar da shi yana ɗan ɓatar da mutane, domin ba jini ne ke hawa ba. Ruwan da ke cikin ido ne yake rasa isasshiyar mafita, matsinsa ya ƙaru, ya riƙa cin jijiyar gani sannu a hankali. A mafi yawan masu lafiyayyen ido matsin yakan tsaya tsakanin 10 da 21 a ma'aunin da muke amfani da shi. Cutar takan fara cin gani daga gefe, galibi ba tare da zafi ba, kuma abin da ta cinye ba ya dawowa, saɓanin yanar ido da ake cirewa mutum ya ga gari. Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya daga 2005 zuwa 2007 ya nuna cewa ita ce ke biye da yana wajen makantar da mutane, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 na masu ɗauke da ita ba su san suna da ita ba.

A farkon aikina na ɗauka mantuwa ce kaɗai ke hana mutane ɗiga magani, kuma abin da na karanta ya ƙara mini ƙarfin gwiwa. Kamfanin Alcon ya taɓa ƙera wata na'ura mai suna Travatan Dosing Aid, wadda ake cusa kwalbar magani a ciki, ta yi ƙara da walƙiya idan lokaci ya yi, ta kuma adana rana da sa'ar da aka matsa kwalbar. Masu bincike a jami'ar Johns Hopkins ta Amurka sun yi amfani da ita, suka wallafa a 2009 cewa kusan kashi 45 cikin 100 na marasa lafiyar ba su kai ɗiga kashi uku cikin huɗu na maganinsu ba, alhali kyauta aka ba su, sun kuma san ana bibiyarsu. Da aka haɗa wa masu sakacin ƙarar na'urar da kiran waya da ƙarin bayani, sai yawan ɗigawarsu ya tashi daga kashi 54 zuwa 73. Mu ba mu da irin wannan na'ura, amma kusan kowa yana da waya, don haka na shiga karɓar wayoyin mutane ina saita musu ƙararrawa: safe da yamma ga mai ɗiga maganin timolol, dare ga mai ɗiga maganin latanoprost.

Dabarar ta yi wa wasu amfani, musamman ma'aikata da 'yan kasuwa da hidima ke ɗauke wa hankali. Wanda ya sa na sake tunani wani dattijo ne, tela, wanda idonsa na hagu ya riga ya tafi, muna ƙoƙarin tsare masa na dama. Bayan wata uku ya dawo matsin idon ya haura 30. Na tambaye shi ko ƙararrawar ta lalace ne, sai ya zaro wayar daga aljihun gaban riga ya miƙo mini.

"'Yata, kullum tana kuka a kan lokaci, ko sau ɗaya ba ta saɓa ba," in ji shi.

"To Baba, kuna ɗigawa idan ta yi kukan?"

Ya yi shiru, sannan ya fito da kwalbar daga cikin leda ya ɗora a kan tebur. Na girgiza ta, babu ko ɗigo. Ta ƙare tun makonni biyar da suka wuce, kuɗin da ya ware domin sabuwa kuma ya tafi a hidimar makarantar jikoki. Da na ba shi kwalbar gwaji ya ɗiga a gabana, sai na ga dalilin da ya sa ba ta kai masa wata ba: hannunsa yana rawa, ba ya ganin bakin kwalbar, sai ya zubar da ɗigo uku ko huɗu a kunci kafin ɗaya ya shiga ido. Na yi wata uku ina alfahari da ƙararrawa, ban taɓa cewa ya ɗiga in gani ba.

Daga ranar na sauya tambayata. Na daina cewa "kuna sa magani kullum?", domin amsarta "ƙwarai kuwa" ce a bakin kowa, kuma ba ƙarya ake nufi ba, kunya ce da girmama mai farin kaya. Wannan hali ma ba namu ba ne mu kaɗai: tun 1986 wani likitan ido, Michael Kass, da abokan aikinsa a Amurka suka ɓoye na'urar ƙirga a kwalbar maganin ɗigo na pilocarpine, suka tarar mutane sun ɗiga kashi 76 cikin 100 na abin da aka rubuta musu, amma suka ce sun ɗiga 97, kuma ɗigawar takan ƙaru a jajibirin ganin likita. Shi ya sa kyawun awo a ranar asibiti ba ya kwantar mini da hankali. Yanzu nakan ce, "A makon nan sau nawa maganin ya wuce ku, kuma me ya faru?" Amsoshin da nake samu mafi yawansu ba mantuwa ba ne. Wani ya bari ne don maganin yana yi masa yaji ga shi bai ga ganinsa ya ƙaru ba, tunda babu wanda ya fayyace masa cewa aikin maganin tsare abin da ya rage ne. Wata ta ɗauka idan kwalba ta ƙare an gama, kamar maganin zazzaɓi. Da azumi kuwa da yawa sukan ajiye na rana gaba ɗaya saboda ɗacin da suke ji a maƙogwaro, sai in nuna musu yadda za su rufe ido su danne kusurwarsa ta wajen hanci na minti biyu, in kuma duba da likita ko za a mayar da lokutan zuwa sahur da bayan shan ruwa.

Ban watsar da ƙararrawa ba, sai dai na gano cewa mutanenmu suna da wadda caji ba ya ƙare mata. Tsakanin sallar Asuba da ta Magariba akwai kimanin sa'a goma sha uku, wanda ya yi kusa da tazarar da timolol ke buƙata, latanoprost kuma ya dace da bayan Isha'i. Dattijon nan mun yi da shi cewa kwalbar za ta zauna a gefen dardumarsa, jikarsa mai shekara goma sha huɗu ce za ta riƙa ɗiga masa, kuma na sa ta gwada sau uku a gabana har hannunta ya faɗa. Na rubuta ranar buɗe kwalbar a jikinta, na kuma saita ƙararrawa ɗaya tak a wayar babban ɗansa, wadda za ta yi ƙara mako guda kafin maganin ya ƙare, domin a fara neman kuɗin sabo. Da suka dawo awo na gaba matsin ya sauko ƙasa da 20, yarinyar ce ma ta riga shi ciro kwalbar daga jaka, tana nuna mini inda maganin ya tsaya.